Ranar da Ƙafata Ta Riga Ni Gaida Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kai goron neman aurena ba, ko da ma na so in manta, mutanen unguwar Maamobi ba za su bar ni ba. Har gobe in na bi ta layin surukaina sai wani ya ɗaga murya daga kan benci ya ce, "Sarkin Noma, ina gajiya?" Ni kuma in ɗaga hannu in wuce, kamar da gaske naɗa ni aka yi.

Bari in fara da gaskiyar da na kasa faɗa a wancan lokacin. A unguwar Nima, cikin birnin Ankara na bakin teku, aka haife ni, a Nima na yi wayo, sana'ata kuma gyaran waya a wani ɗan shago da ke bakin titi. Iyakar Arewar da na taɓa zuwa ita ce Kumasi, shi ma biki ne ya kai ni, na dawo da zazzaɓi. Kakana daga ƙasar Hausa ya zo, wannan babu ƙarya a ciki, amma ɗan sandan Turawa ne, kulki ya riƙe a duniya ba fartanya ba. Sai dai mu 'yan Zango, wato Hausawan da ke zaune a nan kudu, muna da wata cuta. In aka zauna hira, kowa ɗan Arewa ne, kowa kakansa ya bar gonar da doki ba ya kai ƙarshenta. Mutum bai san bambancin gero da dawa ba, amma in ya fara "ai mu a gida..." sai ka rantse jiya ya sauko daga motar Katsina.

Rahinatu kuwa wayarta ce ta haɗa mu. Ta faɗa mata cikin tukunyar shinkafa da waken da gwaggonta, Hajiya Azumi, take sayarwa, ta kawo min ita tana ƙamshin karan dafi. Na gyara wayar a yini ɗaya, amma na yi ta cewa akwai sauran aiki, ta dawo gobe. Da ta gane ni, ba ta yi fushi ba, dariya ta yi. Daga nan na san na kamu, kuma kamun da ba na so a sake ni.

Matsalar ita ce mahaifinta, Alhaji Isaka. Babban ɗan kasuwa ne, yana sayar da shinkafa da wake a Kasuwar Malam Atta, amma zuciyarsa tana wajen ragunan da yake kiwo a bayan gida. Kowace shekara yana turke 'yan raguna, ya yi layya da ɗaya ya sayar da sauran. Kuma ba ya ƙaunar "yaran zamani masu latse-latse", wato dai irina sak. Rahinatu ta gaya min wanda ya riga ni zuwa, wani mai aikin banki, an sallame shi ne saboda rago ya yi atishawa, shi kuma mutumin ya yi tsalle ya haye turmi. Tun daga ranar na ƙudura cewa ni ba za a kore ni a kan dabba ba.

Ranar da na fara zuwa gaishe shi, na cire takalmi tun daga ƙofa, na durƙusa, na sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Ya tambayi asalina na faɗa, na ɗan ƙara gishiri. Sai hira ta gangaro kan harawa, wato busasshen ganyen gyaɗa ko na wake da ake ba raguna. A Ankara daga Arewa ake kawo ta a manyan motoci, in Sallah ta matso kuwa sai ta yi tsadar da mutum zai ji kamar shi ya ci ciyawar ya ba ragon tuwo.

"Dubi wulaƙanci," in ji Alhaji. "Mu a gida wa yake sayen harawa? Abin da ake ɗorawa a kan soro a manta da shi!"

Yana da wani fili can bayan Dodowa da bai kai ga ginawa ba. Kowa ya san fili a Ankara in aka gan shi babu komai, kafin ka juya 'yan damfara sun sayar wa wani, don haka a shekarar ya sa aka shuka gyaɗa. Gyaɗar ta nuna, ga ganye jibge, sai dai babu wanda zai mai da shi harawa.

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma baki shi ke yanka wuya. Sai kawai na ji muryata tana cewa, "Ai Baba, harawa gadonmu ce. Da ita aka yaye mu."

Alhaji ya gyara zama ya dube ni, duban da bai taɓa yi min ba. Ya ce, "Alhamdulillahi! Ashe har yanzu akwai 'ya'yan manoma." Wallahi daɗin da na ji a lokacin, ko aure aka ɗaura iyaka ke nan. Sai da na fito titi iska ta buge ni na tuna ban taɓa taɓa harawa da hannuna ba.

Na koma shago na shiga neman ilimi a inda na saba, wato cikin waya. Na ga Turawa suna naɗe ciyawa cikin leda, manya-manyan dunƙule, ban tsaya jin bayanin ba don da Turancin hanci suke yi. Na haɗa da abin da na ji a bakin masu sayarwa, cewa harawa mai kore ita ce mai daraja. Na ƙara da maganar Alhaji ta ɗorawa a kan soro. Na haɗa ukun a kaina, na fito da ilimin da babu wanda ya taɓa yinsa a duniya: a ɗaure ta tun tana ɗanya don kada koren ya gudu, a ɗora a kan rufi, a lulluɓe da tamfol saboda ruwa. (Har na ɗan ji tausayin mutanen Arewa da ba su gano wannan dabarar ba.)

Ranar tuge gyaɗa gida duka aka tafi a motar kaya. Damina ce, gari a lumshe, ana ɗan yayyafi ana ɗaukewa. Mata suna tsinke gyaɗa, ni ina tara ganye ina ba da umarni da babbar murya. Kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo, bayana ya ƙage, amma duk sanda Rahinatu ta waiwayo sai in miƙe in riƙe ƙugu ina duban sararin sama, wai ina karanta hadari.

Da na fara ɗaure ganyen dami-dami yana ɗigar da ruwa, Hajiya Azumi ta tsaya a kaina. Ita ce yayar Alhaji, mace mai baki, duk Maamobi ana shakkarta.

"Kai, yaro," ta ce, da Hausarmu ta Zango, "wannan abu ba za ka baza shi ya sha rana ba? Ni ko karan dafi na, sai ya bushe kuraa kafin na sa shi a buhu."

Kafin in ƙago amsa, Alhaji ya riga ni.

"Azumi, bar maza da aikin maza. Haka muke yi a gida. Ɗanya ake ɗaure ta."

Ya zo da kansa ya kama bakin igiya, ya taka damin da ƙafa, ni ina ja yana ja. Hankalina ya kwanta sarai. Na ce a raina, ashe jini ba ya ƙarya, ga shi ban taɓa gani ba amma na dace da yadda ake yi a gida. Hajiya Azumi ta dube shi, ta dube ni, ta ce "Yoo," ta koma wajen gyaɗarta.

Muka kwaso kaya zuwa Maamobi. Rufin falon Alhaji ya fi ko'ina faɗi, kuma akuyoyin maƙwabta ba sa iya hawa, sai muka jibge damman a can. Kwanon rufin ya girme ni, iskar teku ta cinye shi da tsatsa, amma wa ya kula? Na lulluɓe da tamfol, na danne kowane gefe da duwatsu da tsofaffin tayoyi yadda ko iska ba za ta leƙa ba. Na ce kada kowa ya buɗe sai Sallah ta matso. Alhaji ya bi masallaci da kasuwa yana ba da labari, wai ya samu yaro ɗan asali, su biyu sun yi harawa irin ta gida. Ba a jima ba ya aiko cewa manyana su zo.

Ga wanda bai sani ba, ranar kai goro saurayi ba ya zuwa. Manya ne suke shiga su yi magana, shi kuwa ya ɓuya ya jira labari, don ko inuwarsa aka gani a layin an ce ba shi da kunya. Kawuna Fuseni ne ya jagoranci namu, da limamin unguwarmu da wasu dattawa. Ni kuma na kasa zama a Nima. Na sa sabon yadin da Kawu ya ɗinka mana iri ɗaya ni da shi, na je na maƙale a shagon wani tela a bayan layin su Rahinatu, ina ta duba waya.

An yi ruwa da safe, gari ya yi sanyi. Can sai ga kiran Rahinatu, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Kana ina? Abin ku na sama yana hayaki fa. Kuma wani baƙin ruwa yana sauka a bangon falo, yana wari paa. Liman ya fara shinshina."

Na leƙo na ɗaga kai. Ilai kuwa, wani farin tururi yana fitowa ta gefen tamfol, siriri, a hankali. Mai hankali a nan zai kira wani ya gaya masa gaskiya. Ni kuwa sai na yanke shawarar in hau a ɓoye, in ture damman su faɗa garken raguna ta baya, in sauko, babu wanda ya ji babu wanda ya gani.

Na zagaya ta lungu, na tsallaka kwata, na cire takalmi don kada a ji takuna, na taka katangar garken na haye. Ragunan suka bi ni da ido. Na lallaɓa na janye taya ɗaya, na ɗaga bakin tamfol.

Jama'a, abin da ya buge ni a fuska ba ya faɗuwa. Zafi ne kamar an buɗe tukunyar dambu, ga wani wari mai tsami da ya shige min har ƙwaƙwalwa. Harawar da na bari koriya shar ta zama baƙa, ta yi yauƙi, ta yi farar fumfuna. Na cusa hannu na fizge da sauri don ta ƙona ni. Tururin da ya daɗe a tsare kuwa ya samu ƙofa, ya tashi sama gaba ɗaya.

Wata mata mai shanya a gidan maƙwabta ta ɗaga kai ta ƙwalla ihu, "Ogya! Wuta! Wuta a gidan Alhaji!"

Wani kuma daga ɗaya ɓangaren bai ga hayaƙi ba, mutum ya gani a kan rufi. Ya ce, "Julo! Ɓarawo!"

Duk wanda ya san unguwanninmu ya san babu kiran da ake amsawa da sauri kamar waɗannan biyun, ni kuma na haɗa su a kaina lokaci ɗaya. Gidajen a manne suke da juna, wuta in ta kama ɗaya ta kama duka. Kafin in ce "ni ne", layi ya cika. Masu bokiti suna watso ruwa, masu sanda suna neman ta inda za su hau. Ruwan farko da ya same ni na wankin kifi ne (na gane shi, ba sai an gaya min ba). Na ja da baya ina kare fuska, na taka inda kwano ya ruɓe a ƙarƙashin damman.

Ɓurum! Ƙafata ta dama ta fasa kwano, ta fasa silin, ta shige har cinya.

Abin da ya faru a cikin falon, Kawu Fuseni ne ya ba ni labari daga baya, kuma har yau yana bayarwa a duk taron suna. Ya ce sun ji hayaniya sama-sama, amma shi yana tsakiyar yabona bai so ya katse ba. Daidai yana cewa, "Yaronmu natsattse ne, Alhaji, mai kunya, ko ƙofar gidan manya ba ya bi," sai silin ya tsage, ruɓaɓɓen ganye ya zubo cikin farantin goro, ƙafa ta sauko tana lilo a saman rawanin Liman. Safar da ke jikinta ta huje, babban yatsa a waje yana motsi.

Dattawa suka watse suna salati. Kawu ya ce shi bai gudu ba, don ya ga abin da ya fi gudu ciwo. Ya dubi wandon, ya dubi nasa wandon, yadi ɗaya. Ya ce a hankali, "Wannan ƙafa, na san shi."

Da ƙyar aka zaro ni. Da aka gane ba wuta ba ce kuma ba ɓarawo ba ne, sai abin ya koma kallo, wanda ya fi duka zafi. Aka sauko da ni ta tsani, wando a yage, ƙwauri a kuje, ɓawon kifi a gashina, aka shigar da ni falon da bai kamata ko inuwata ta shiga ba. Na durƙusa a tsakiya ina ɗigar ruwa. Taga da ƙofa duk kawunan mutane ne. Na hango Rahinatu a bayan labule ta toshe baki da mayafi, ban sani ba kuka take ko dariya.

Liman ya toshe hanci ya ce, "Alhaji, Allah ya gafarta, wannan wari kamar gidan da ake dafa burukutu."

Kawu ya juyo kaina, idonsa jawur. "Kai! Me ya kai ka sama? Kuma wane mahaukaci ne ya ce a ɗaure ganye ɗanye a rufe shi da leda?"

Na ɗago ido kaɗan na saci kallon Alhaji. Mutumin da ya taka damin da ƙafarsa, ya ja igiya, ya ce haka ake yi a gida, yana zaune yana kallon carbinsa kamar yau ya fara ganinsa. Gumi yana bin gefen hularsa. A nan ne wani abu ya faɗo min a rai wanda ban taɓa zato ba: ashe shi ma bai sani ba. In na ce tare muka yi, na tsira da rabin kunya amma na tozarta shi a gaban Liman da rabin Maamobi, kuma babu uban da zai ba ka 'yarsa bayan haka. In na ɗauka ni kaɗai, na zama maƙaryaci kuma wawa, irin wanda ake sallama. Ko ta ina na duba, Rahinatu tana suɓuce min, kuma tsoron haka ya fi min ciwon ƙwaurin.

Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ne, Kawu. Ni kaɗai. Ban taɓa noma ba, ban san harawa ba. Ƙarya na yi wa Baba don ya so ni."

Kawu ya dafe kai. Ni dai na gama sallamawa, har na fara tunanin ta wace hanya zan koma Nima ba tare da na bi babban titi ba.

Sai ga muryar Hajiya Azumi daga bakin ƙofa, ludayi a hannu.

"Shi kaɗai? Isaka, ba kai ne ka riƙe igiya ba? Wai haka muke yi a gida! Wane gida? Ni da kai a ɗakin can aka yanke cibiyan mu. Arewan da ka sani, ba ta tagan jirgin Makka ka..."

"Liman!" Alhaji ya daka tsawa har goro ya yi tsalle a faranti. "A yi fatiha! Na ba shi! Na ba shi Rahinatu, a yi fatiha yanzu-yanzu!"

Liman ya ɗaga hannu, dattawa suka ɗaga, ita ma Hajiya dole ta saki maganar ta ɗaga nata da ludayin a ciki. Kawu ya ce shekara da shekaru yana zuwa neman aure wa mutane, bai taɓa ganin wanda aka bayar da sauri irin nawa ba. Aka raba goro yana warin harawa, kowa ya karɓa ya sa a aljihu, ban ga wanda ya ci ba.

Ban tsira haka kawai ba. Ni na sayi sabon kwano da silin, kuma har Sallah ta zo, duk Asabar ni ke zuwa bakin hanya in yanko wa raguna ɗanyar ciyawa, in ɗauko buhu a ka in ratso unguwa abokaina suna min kirari. A nan sarautar Sarkin Noma ta samo asali.

Da Sallah ta matso, Alhaji ya kira ni rakiya zuwa inda motocin Arewa suke sauke harawa. Muka tsaya gaban wani Buzu mai sayarwa. Alhaji ya ɗaga dami ɗaya, busasshe ƙayau, mara nauyi, kore kuma yana nan. Ya juya shi, ya shinshina, ya waiga ya tabbata babu wanda ya san mu a kusa. Sannan ya rage murya ya ce wa mutumin, "Malam, don Allah, wai yaya kuke yin ta?"

Mutumin ya ce a baza ta ta sha iska, ana juyawa, sai ta bushe sannan a ɗaure. Muka gyaɗa kai tare, babu wanda ya kalli wani. A hanyar dawowa ya ce min, "Ka ji ko? Haka muke yi a gida." Na ce, "Haka ne, Baba."

Yanzu 'ya'yanmu uku da Rahinatu, kuma duk sanda na fara cika baki a gida, sai ta ɗaga kai ta dubi silin. Darasin da na koya shi ne, kada ka yi ƙaryar gado a gaban suruki. In kuwa tsautsayi ya sa ka yi, to ka roƙi Allah ya sa shi ma irin taka yake yi, kuma ya kasance yana da yaya mai baki. Sannan ko ina za ka, ka sa safa mai kyau, don ba ka san ta inda za ka shiga gidan mutane ba.